Ɗaya ga Janairu ta Khaula

Ƙofar Kware, Asabar

Zuwa ga amaryata Khaula,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da mahaifanki da duk mutanen Tudun Wada.

Goggonki Juwairiyya ta kawo min labari jiya, wai dangin Mu'az, malamin nan na sakandare, za su zo sa ranar aurenku Lahadin makon gobe. Alhamdu lillahi! Sai ga ni a bakin zaure ba sanda, ina gaya wa duk mai wucewa, har da mai kalanzir da ban san sunansa ba. Kin sake ni kin samu saurayi, to na haƙura. Amma ki gaya masa ya zo ya gaishe ni a durƙushe, don ni na riga shi.

Kin san kunnuwana ba sa jituwa da waya, shi ya sa na ɗauko biro. Shekara uku ina zuwa ajin yamma da furfurata, kuma wannan ce wasiƙar farko da na rubuta ba malami a kaina.

Tun jiya nake tuna ranar da anka haife ki. Tsakiyar damina ce, tauraruwar Ɗarfa ta kama, mu manoma da taurari muke bin damina. Ina fadama ina dashen shinkafa anka aiko. Na shigo gida da laka har gwiwa, kakarki ta hana ni ɗaukarki sai na yi wanka. Yau ga shi za ki yi aure ina da rai.

Allah ya sa albarka.
Mijinki na fari,
Attahiru

Tudun Wada, Litinin

Kaka,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka da girmamawa, ya ƙafa? Rubutunka ya yi kyau ƙwarai. Amma tun da na karanta ban iya cin abinci ba.

Damina, Kaka? Duk takarduna ɗaya ga Janairu suka ce. Na tambayi Mama, ta yi dariya, ta ce ai a gida aka haife ni, ba takarda, kuma da aka kai ni firamare hedimasta rana ɗaya ya rubuta wa rabin ajinmu. Ta ce cikin Agusta ne, ranar dai ta manta.

Ba zan iya faɗa maka wannan ido da ido ba. Akwai wani shafi a waya da ake sa ranar haihuwa, ya fitar wa mutum da tauraronsa da wanda zai dace da shi. Da wasa muka fara da ƙawayena, har na koma kullum sai na duba kafin in fita. Shekara biyu Jelani yana zuwa wurina, badukun nan na Ƙofar Marke da ya ɗinka maka jakar Alƙur'ani. Na sa ranarsa da tawa, shafin ya ce zamanmu ba zai ɗore ba. Na sa ta Mu'az, ya ce mun dace. Na gaya wa Jelani ya daina zuwa. Ya tambaye ni laifinsa har sau uku, na ce babu. Ya ce, "To Allah ya ba ki wanda ya fi ni," ya tura babur ɗinsa har ƙarshen layi bai tayar ba.

Ba wanda ya tilasta ni. Da bakina na ce wa Baba Mu'az nake so, kuma mutumin kirki ne, bai taɓa ɓata min ba. Mahaifiyarsa har ta fara kirana ɗiyata. Ta ina zan fita?

Na sake dubawa. In farkon Agusta ne, Jelani. In ƙarshensa ne, Mu'az. Don Allah, Kaka, ka tuna min ranar.

Jikarka,
Khaula

Ƙofar Kware, Laraba

Khaula,

Sallama da gaisuwa. Ƙafa da sauƙi.

Sau huɗu na karanta takardarki, a hankali, da yatsa. Abu ɗaya ya faranta min ko a cikin wannan: da ban yi ajin yamma ba, da sai na kai wa wani ya karanta min sirrinki.

Ranar kuwa na san ta sarai. Ba zan faɗa miki ba.

Shekara hamsin ina kallon taurarin nan. Suna gaya mana lokacin shuka da lokacin da ruwa zai ja baya, shi ma wani sa'in munka bi su munka yi asarar iri. Ba su taɓa gaya min wa zan aura ba, gaibu na Allah ne. In na ba ki ranar, za ki sake miƙa wa waya ta zaɓa miki, kuma in zama ya yi ɗaci ki ce ni ne.

Ga abin da zan iya. Ni ne babba a gidan nan, in na ce a dakata da zuwan Lahadi, ubanki zai dakata, kunyar kuma ni zan ɗauka a gaban dangin yaron. Amma ba zan motsa ba sai kin ce. Kuma ki sani, Mu'az ɗan mutane ne. In kin zauna da shi, ki zauna da zuciya ɗaya. In ba za ki iya ba, kada ya ji a bakin Juwairiyya ko a bakina. Jelani kuma ban yi miki alkawarinsa ba, na ji ana cewa iyayensa sun fara yi masa maganar wata.

Kwana huɗu sunka rage. Ki yi istihara.

Kakanki,
Attahiru

Tudun Wada, Juma'a

Kaka,

Ina gaisuwa. Ka ce wa Baba a dakata.

Mu'az zai zo bayan la'asar, ni zan gaya masa da bakina, har da maganar wayar. Ban aika wa Jelani komai ba, ban kuma san ko zai saurare ni ba.

Ka yi min addu'a.
Khaula