Lofen Mista Brennan Ya Yi Fari

University Heights, Bronx
Afrilu, 2016

Zuwa ga Habsatou, Maman Nasser,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fatan kina lafiya, ke da yara da Inna. Yaya ƙafarta? Yaya zafin Maraɗi? Na rubuto a takarda na ɗauki hotonta na turo miki, don a waya kina jin muryata ta canja kaɗan sai ki hana kanki barci.

Kin ce ambasad, ofishin jakadanci, sun ba ki randebu, ranar ganawa kan biza, a Yamai watan gobe. Alhamdu lillahi. Abin da ya rage a dosiyenki, cikin takardun da suka nema, shi ne takardar shaidar cewa ina da aiki tsayayye, kuma Madam Joyce ce za ta sa hannu, 'yar Mista Brennan, tsohon da nake jinya. To yau wani abu ya faru a gidan.

Ban taɓa ba ki labarin lofunan Mista Brennan ba, don na san za ki ce mijinki ya ƙetare teku ya zama mai gadin tukunyar taba. Haka ɗin ne kuwa. Injiniyan jirgin ruwa ne a da, ya tara su cike da kabad ɗin gilas. Da wani farin dutse mai laushi na Turkiyya ake sassaƙa su, miyasham sunansa, ba shi da nauyi, kamar alli. Akwai kan zaki, akwai ƙafar shaho riƙe da ƙwai. Sabo fari yake fat. Sai an yi shekaru ana shan taba da shi, dutsen yana tsotsar hayaƙin, ya koma launin zuma, daga nan ya yi ja kamar goro. Wannan launin shi ne darajarsa. Likita ya hana tsohon taba tun da ya samu shanyewar ɓarin jiki, amma kullum bayan abincin rana sai na sa farar safar hannu, na ɗauko masa wanda ya fi so, kan wani dattijo mai rawani, ya sa a baki babu wuta yana kallon kogi ta taga. Marigayiya matarsa ce ta saya masa.

Kamfaninmu na masu jinya ya kawo wata mata, Abena, 'yar Kumasi, suka ba ta ranakun da na daɗe ina roƙo, suka bar ni da Asabar da Lahadi da guntayen awanni. Ba na ɓoye miki, ban ji daɗi ba. Amma mace ce mai aiki, ba ta zama. Ta ji Madam za ta zo, ta share gidan tas, ta buɗe kabad ta ga abin da ta ɗauka dauɗa ce. Ta jiƙa mai rawanin a ruwan bilic, ta bi shi da soson ƙarfe. Da na shigo ta nuna mini shi tana murmushi, wai in duba yadda maza muke barin ƙazanta a bakin tsoho.

Habsatou, ya yi fari kamar ƙashi. Har hancin dattijon ya suɗe. Na tuna ranar da kika goge mini butar shayi da toka na yi kwana biyu ban yi miki magana ba, sai na kasa yi mata faɗa. Na ɓoye shi a bayan sauran, na ce wa tsohon yau zaki za mu ɗauka. Ya dube ni.

Ki yi mini addu'a. Ki gaida Inna da yara.

Mijinki,
Alkasim

*

Maman Nasser,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku. Na ga saƙonki. Kin ce in faɗi gaskiya kawai in huta. Da sauƙi a faɗa daga Maraɗi.

Madam Joyce ta zo, kuma kabad ɗin ta fara dubawa kafin ta dubi ubanta. Ta kira ni kicin ta ajiye lofen a kan tebur. Ba ta ɗaga murya ba, su ba sa ɗagawa, sai dai su yi ta kiran sunanka ba daidai ba. Ta ce ni kaɗai aka yarda in taɓa kabad ɗin, don haka ni take tambaya. Ta ce ranar Litinin za ta kira kamfani, wanda ya yi ya tafi. Takardarki tana cikin jakarta, na ga gefenta, ba ta sa hannu ba. Na ce ta ba ni zuwa Litinin ɗin.

Abena ta same ni a tashar bas tana kuka, rabi da Hausar zango rabi da Turanci. Ta ce, ɗan'uwa, a gidansu macen da ta bar abu fari ya yi baƙi ba a cin abincinta. Mijinta ya rasu, yaranta uku suna wurin uwarta, kuma wannan ne gidan farko da aka ba ta ita kaɗai. In aka rubuta mata lalata kayan mai jinya, babu kamfanin da zai sake ɗaukarta.

Na yi shekaru a garin nan ina wanke tsofaffin mutane, ina cin abinci a tsaye, don ranar da zan tarye ki a filin jirgi. Yanzu ranar tana rataye da tukunyar taba. Dikko, abokin ɗakina, ya ce in ba da sunanta in wuce, ai ita ta karɓe mini ranakuna. Gaskiya ne ta karɓa. Amma ba ita ta raba ranakun ba, kuma babu wanda ya gaya mata cewa a gidan nan ana ajiye dauɗa da gangan, ba kamfani ba, ba Madam ba. Ba zan ɗauki laifin da ban yi ba, ba kuma zan miƙa ta kamar akuya ba. Abin da zan faɗa ke nan. Ban san ko zai cece mu ba.

Tsohon yana ta nuna kabad da hannunsa mai lafiya. Ƙaryar zaki ta ƙare mini.

Naki,
Alkasim

*

Habsatou,

Ina gaishe ki, ina gaida gida duka. Ki zauna ki karanta.

Litinin muka taru a falo. Kafin in buɗe baki Abena ta ce ita ce. Na faɗi nawa, cewa ba a gaya mata ba. Madam ta ce to mu biyun ke nan, ta ɗauko waya. Sai tsohon ya buga sandarsa a ƙasa, ya miƙa hannu. Ba yadda za ta yi, ta ba shi lofen.

Ya daɗe yana juya shi. Maganarsa a karkace take fita, ni na saba da ita, don haka ni na riƙa maimaita wa 'yarsa. Ya ce haka yake ranar da matarsa Margaret ta miƙa masa shi a kasuwar Istanbul, ya manta ya taɓa yin fari haka. Hawaye ya zubo masa ta ido ɗaya. Ya shafa hancin da ya suɗe, ya dubi Abena ya ce mata mahauciya. Sannan ya sa shi a baki ya ce aikin shekara arba'in ne ta wanke, sai a sake daga farko, kuma babu mai barin gidan nan sai ya yi ja.

Madam ba ta yi dariya ba. Ta kulle kabad ta sa makullin a jakarta, ta bar masa farin kaɗai, kuma na san ba ta yafe mana ba. Amma ta sa hannu. Takardar tana hanya, ki kai ta ambasad yadda take, kada ki naɗe ta.

Ranakun dai ba a ba ni ba. Abena ta kawo mini wake da shinkafa a roba, na ci.

Abu ɗaya nake roƙonki. In Allah ya kawo ki, za ki ga butar shayina a kan murhu, ta yi baƙi ƙirin. Ki bar ta haka.

Mijinki mai jiran ki,
Alkasim