Wasan da Na Koya wa Binta

Ƙanƙara, daren Laraba, daminar 1977

Malamin su Binta ɗiyata ya ce kowa ya tambayo babansa al'adar wata ƙabila. Ni kuwa, shehun malamin da ya tsaya a aji uku, na ce mata Banufe bawan Bakatsine ne, wasanmu ne tun kakanni. Ban gaya mata ba a yinsa sai da wanda ya san wasan ba.

Yau ta faɗa gaban aji, tana nuna Fati, Banufiya, ɗiyar direban tifar masu aikin hanya. Yara suka raka yarinyar har gida da "baiwa, baiwa!" Ubanta ya rantse ta bar makarantar ke nan.

Binta ta shigo da tsalle: "Baba, na iya?"

Allah ya yafe mani, dariya na fara yi.