Wankan da Na Gudu Na Bari

Yaya Haladu,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya. Yaya Doha, yaya gadin filin ƙwallo da cunkoson baƙi? Ka gaishe min da abokan ɗakinka na unguwar Najma. Idan kun yi waya da Inna, ka ce mata ina nan ƙalau, karatu a Japan sai godiya.

Sai dai na yi abin kunya. Ranar Asabar malaminmu, Malam Ishida, dattijo sa'an Baba, ya kai mu wani ƙauye mai maɓuɓɓugar ruwan zafi. Ashe a al'adarsu maza tare suke wanka, tsirara. Ina shiga na ga malam haka, har yana yi min maraba. Na juya da gudu. A bakin ƙofa na ce wa abokina da Turanci, "Mutanen nan ba su da kunya." Na manta malam yana jin Turanci, bangon kuma na katako ne.

Da safe ya kira ni gefe. Ya kama min ɗakin wanka ni kaɗai. Ya ce laifinsa ne da bai tambayi addinina ba. Wallahi na gode wa takunkumin korona da ya rufe min fuska.

Don Allah ka saya min dabino mai kyau a kasuwar Souq Waqif ka aiko min in kai masa. Kada ka faɗa wa Inna. Yaya, wanda na kira marar kunya, shi ne ya sunkuya yana ba ni haƙuri.

Allah ya tsare ka.

Ƙaninka,
Munzali