Rasuwar Mestre Belmiro da Makomar Giyar Bara Waccan

Cikin alhini da nauyin zuciya, Ƙungiyar Manoman Inabi ta Ermida do Corgo take sanar da jama'ar kwarin Douro da abokan hulɗarta na garin Gaia rasuwar babban mai ɗanɗanon giyarta, dattijo kuma uban gidanmu a wannan sana'a, Mestre Belmiro Vaz Pimentel, wanda Allah ya yi wa cikawa da safiyar Talata a gidansa, yana da shekara saba'in da takwas.

Marigayin ya fara da tattaka inabi da ƙafa a kwamin dutse kamar kowa, ya ƙare yana mai yanke wa giyar porto, wato giyar inabin kwarin nan, hukunci har shekara arba'in da ɗaya. Aikin nasa ba wasa ba ne. Giya ce 'yar wata goma sha takwas a ganga, baƙa ƙirin, mai bauri, za a zubo masa, ya shinshina, ya kurkure baki ya tofar, sannan ya faɗi abin da za ta zama bayan shekara talatin. In ya sa hannu, a zuba ta a kwalba da shekararta a jiki. In ya ƙi, a gauraye ta da sauran, sunanta ya ɓace. Sau tara kacal ya sa hannu, kuma ba mu taɓa jin kunyar ko ɗaya ba. Ba ya shan kofi kafin aiki, kuma duk Ermida an san ranar da ya kori wani babban baƙo daga ɗakin ɗanɗano don ya shafa turare.

Ba za mu ɓoye abin da ake ta faɗa a gari ba. Giyar girbin bara waccan, shekarar da fari ya ƙone mana rabin gonaki, ita ce ta ƙarshe da ya ɗanɗana. Mu bakwai ne a kwamitin ɗanɗano har da shi, biyar muka ce baurinta ya yi yawa, a gauraye ta, kuma ni mai wannan rubutu na fi kowa ɗaga murya. Ya bar mu muka gama surutunmu, sannan ya ce, "Baurin nan shi zai riƙe ta. Wadda ta yi muku daɗi yau ba za ta kai auren jikokinku ba." Ya rasu saura kwana tara a sa hannu, gumin gidaje sittin da sunan ƙungiyar nan suna rataye a kan takardar.

Muna miƙa ta'aziyyarmu ga mai ɗakinsa, Dona Graciete Pimentel, da 'ya'yansa Dokta Custódia da Injiniya Abílio, da jikoki da dangi baki ɗaya, muna roƙon Allah ya jiƙansa, ya ba su ƙarfin zuciya da haƙurin wannan babban rashi. Za a yi masa addu'ar kwana bakwai ranar Litinin a cocin Ermida.

Ga masu cewa hukuncinsa ya bi shi kabari kuwa, su kwantar da hankalinsu. Jiya kwamiti ya sake zama, aka zubo giyar, na kurɓa na tofar. Wallahi har yanzu bauri nake ji, ban ji abin da ya ji ba. Amma na san bakina, na kuma san nasa, don haka ni na fara ɗaga hannu, sauran biyar suka biyo. Za a zuba ta a kwalba da shekararta. Yawancinmu ba za mu ga ranar buɗe ta ba, kuma ba mu da fargaba.

Sa hannu:
Anselmo Guedes Carvalhais
Sakatare kuma Mai Magana da Yawun Ƙungiya