Baba Ya Miƙe wa Auta Sandarta a Tsakiyar Gasa

Anti, don Allah ki taimake ni kafin ranar Asabar, domin ina gab da kai ƙarar ƙanwata uwa ɗaya uba ɗaya.

Ni da Auta muna buga wasan golf a kulob ɗaya. Ni na fara, ni na kai ta filin, ni na koya mata riƙon sanda lokacin da take dukan ciyawa ƙwallo na zaune yana kallonta. Yanzu ana gasar mata ta shekara, zagaye biyu. An yi na farko, na biyu sai ranar Asabar. Tana gabana da bugu biyu, ta uku kuma ba ta ko kusa da mu.

Sandunana sababbi ne fil, da albashina na saya. Ita kuwa tarkace take ja a jaka, har da tsohuwar sandar Baba ta tura ƙwallo cikin rami, wadda ta girme ta. Kullum wani abu ya kwance, kullum tana ɗakin Baba na bayan gida, inda yake ajiye filaya da gam tun da ya yi ritaya. In na je gaishe shi sai in tarar da su kai da kai a kan teburi suna dariya, ni kuwa "sannu da zuwa" ce rabona.

A zagayen farko, a rami na tara, jakar Auta ta zame daga kan keken da take tura ta a kai, ta gangara, wuyan tsohuwar sandar ya lanƙwashe. Wallahi Anti, daɗi na ji. Ashe Baba na cikin 'yan kallo. Mutumin da ke kukan ciwon gwiwa ya durƙusa a ciyawa, ya ɗora sandar a cinya yana miƙe ta a hankali, yana rufe ido ɗaya yana dubawa. Ya goge ta da bakin rigarsa ya ba ta. Da ita ta jefa ƙwallo cikin rami daga nesa, aka yi ta tafi. Ni da na yi bugu mafi kyau a ranar, kai kawai ya gyaɗa mini.

Wata abokiyar wasa ta ce mini gyaran sanda ana cikin gasa laifi ne, kora ake yi. In na gaya wa kwamitin gasar, kofi nawa ne. Ina son Auta, amma ƙyashinta ya hana ni sukuni, ko muryarta na ji a waya sai raina ya ɓaci. In kai ƙarar?

Yayar Auta

*

Ƙanwata,

Bari mu fara da doka. Na tambayi wani alƙalin wasan, ya ce abokiyarki ta riƙe rabi ta bar rabi. Sandar da ta lalace ana cikin zagaye, mai ita na iya ci gaba da bugu da ita, ko ta gyara ta ta koma yadda take, ko ta sauya wata, muddin ba a ɓata wa mutane lokaci ba. Wadda aka hana wa gyara ita ce wadda ta lalata sandarta da gangan, misali ta maka ta da ƙasa don fushi. Ke da bakinki kika ce jaka ce ta zame. In kin je gaban kwamiti, ba kofi za ki dawo da shi ba, sai sunan wadda ta so a kori ƙanwarta, kuma a kunnen Baba zai ƙare.

Ban ga laifinki ba da kika ji zafi. Kin yi bugun da ya cancanci tafi, aka ba ki gyaɗa kai. Baba ya yi sake a nan, kuma yabo ba ya tsufa wa 'ya don ta fara ɗaukar albashi.

Sai dai ki sake karanta wasiƙarki. Kin ambaci kofi sau ɗaya, sauran duk gwiwar Baba ce da bakin rigarsa. Akwai iyayen da bakinsu ke da nauyi, da hannu suke nuna so. Auta kullum tana kawo masa abin gyara, ke kuwa komai naki sabo ne, komai kin iya. Ta ina zai kama?

Ga shawarata. Ranar Asabar ki buga wasanki, bugu biyu ba tazarar da za ta gagare ki ba ce, kuma in kin ci Auta da sandarta a miƙe, babu mai cewa komai. Amma kafin nan ki zazzage jakarki. Ba za a rasa sanda ɗaya da robar mariƙinta ta fara sulɓi ba. Kada ki kai ta shago. Ki kai ta ɗakin bayan gida, ki ja kujera ki zauna har ya gama, ko da ya yi ta jan aikin. Zai ja shi kuwa, don ya daɗe yana jira.

Allah Ya ba ki sa'a a filin, Ya bar ku tare da Baba da Auta.

Anti