Gezar Mayafin Baba

Litinin, 7 ga Yuli

Ban fita kasuwar Mbale ba, a gida nake zura 'ya'yan carbi saboda jinyar Baba Eliyazari, mahaifin mijina. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye bai ƙara magana ba. Mijina Gidoni na kan hanya da babbar mota, sai ni kaɗai.

Na wanke masa farin mayafin da yake addu'a da shi. Dogayen zaren nan na kusurwoyi duk sun cukurkuɗe, kunu ya bushe a jikinsu. Na sa almakashi na datse su tas. Ya yi kyau kamar sabo. Har da yaba wa kaina.

Laraba, 9 ga Yuli

Hannunsa mai lafiya ya ƙi zama. Sai lalube yake a bakin mayafin, ya kai kusurwa ya dawo. Ya ƙi cin matoke, dafaffiyar ayabar da muke ci kullum.

Alhamis, 10 ga Yuli

Ni da carbi ke ci da ni, zan rasa maganin hannun da ya rasa abin riƙewa? Musulmi na saye a wurina, 'yan cocinmu na Katolika na saye, Indiyawan kantin ƙarfe ma ni ke zura musu nasu dogo. Duk wanda na sani yana da abin ja. Na yi wa Baba ƙarami na katako mai santsi, ban sa gicciye ba, ban sa tuntu ba, don kada a ce na kawo masa na wani addini. Na damƙa masa. Ya kalle ni ya daɗe, sannan ya buɗe yatsu ya bar shi ya faɗi. Na ɗauka na mayar masa, ya sake yarwa. Sai na naɗa masa a wuyan hannu.

Lahadi, 13 ga Yuli

Yaya Zipora, yayar Gidoni, ta zo daga ƙauye. Ko zama ba ta yi ba idonta ya sauka kan hannunsa.

"Nambozo, mene ne wannan? Kin ga bakinsa ya mutu shi ne za ki mayar mana da shi coci ta bayan gida?"

Na ce wallahi babu gicciye, ta duba.

"Ko da zinariya kika yi shi. Mu Yahudawa ba mu da carbi, ba mu taɓa yi ba. Shekara nawa kina gidan nan, kin taɓa ganin Baba yana ja?"

Ban taɓa gani ba. Ban kuma taɓa tambayar me ya sa ba. Ta kwance shi ta ajiye min a cinya, ta ɗauko mayafin za ta rufa masa. Sai ta tsaya cak.

"Ina gezar?"

Na ce wataƙila ɓera ne. Bakina ne ya faɗa kafin in yi tunani. Ta juya kusurwar ta ga yankan a miƙe, ta dube ni, ta ce, "Ɓeran gidanku ya iya almakashi." Da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

Talata, 15 ga Yuli

Muna ɓare ayaba Yaya ta yi min bayani, fuskarta na kan wuƙa. Zaren nan ba ado ba ne. Umarni ne a littafinsu, su sa geza a kusurwar tufa su riƙa gani suna tuna dokokin Allah. Ba ƙirga ake yi da su ba. Da safe sai mutum ya tattara su a hannu in zai karanta kalmar kaɗaita Allah, ya sumbace su. Mayafin da aka yanke wa geza kuwa ba a addu'a da shi.

Wato tun ranar Litinin ɗin can mutumin nan yake neman addu'arsa a bakin ƙyalle, ni kuma ina cusa masa katako. Shi da ya tsaya min lokacin da danginsu suka ƙi auren 'yar coci. Bai taɓa cewa in bar Lahadina ba.

Na ce a ba ni zare, kafin la'asar na ƙulla. A duk kasuwa babu mai ƙulli irin nawa.

"Ƙanwata, ba iyawa ake nema ba," in ji ta. "Zaren ma sai wanda aka kaɗa dominsa, kuma sai ɗan addininmu ne zai ƙulla."

Na shiga ɗaki na yi kuka. Na haushi da na kunya.

Alhamis, 17 ga Yuli

Numfashinsa ya canza. Mzee Natani, dattijon majami'arsu ta Yahudawa, ya ce babu zaren a hannu, ya aika a nemo. Ina tsoro kada Baba ya tafi haka.

Juma'a, 18 ga Yuli

Zare ya iso da hantsi. Mzee Natani ya zauna a ƙofar ɗaki yana ƙullawa a hankali. Ƙullinsa duk a karkace. Na danne hannuwana a ƙarƙashin cinya.

Aka rufa wa Baba, aka sa masa gezar a tafin hannu. Hannun ya ƙi rufewa. Ya daina laluben ma tun jiya.

Yaya Zipora za ta karanta masa, ga littafi a hannunta. Ta ce, "Ke, zo ki riƙe masa." Na durƙusa na naɗe yatsunsa a kan zaren, na rufe da nawa. Da ta zo wurin da ake sumbatar gezar ta ɗaga min gira, na kai hannun bakinsa. Leɓensa ya motsa. Ko numfashi ne kawai, ban sani ba.

A nan na ce, "Baba, ni ce na yanke." Yaya ta ce, "Ya sani. A gabansa kika yi."

Lahadi, 20 ga Yuli

Ya rasu da safe. Gidoni bai same shi ba.

Asabar, 2 ga Agusta

Matar mai nama ta aiko a kan carbin mijinta da ya tsinke. Na ce sai gobe bayan coci. Gidan shiru, Gidoni ya tafi majami'a da Yaya. Asabar ce ranar hutunsu, ba sa aiki, ba sa hura wuta. Ban taɓa zare ba yau, ban hura wuta ba, matoken jiya na ci da sanyinsa. Bayana ne ke ciwo, shi ya sa.