Haƙarƙarin da Na Kifar

Zuwa ga ɗana Garba, a Fatakwal.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyalinka. Malam Shehu maƙwabcinmu ne ke rubuta mini, na kuma gargaɗe shi kada ya gyara mini magana.

Shekara bakwai ke nan ba ka tako Kusfa ba. Uwarka ta ce laifina ne. Ni ban yarda ba.

Ka tuna jajibirin ƙaramar Sallah da muka yi watandar bijimi, haƙarƙari ya faɗo a kasona. Ka dawo daga wajen 'yan Koriyan nan masu aikin hanya da kake yi wa girki, riƙe da kwalbar wani baƙin ruwa. Ka yanka naman falle-falle, ka tsiyaya masa ruwan, ka sa tafarnuwa da riɗi, sannan ka ɗebo sukari. Sukari, Garba. Shekara arba'in ina gasa balangu a bakin kasuwa, ban taɓa ganin wanda ya mai da nama koko ba. Kuma a gaban abokan watandata. Na ɗauki kwanon na kife a ƙasa. Sai ka tsuguna kana tsincewa. Tsugunon nan shi ya hana ni sakat har yau.

Yanzu haƙora huɗu suka rage mini. Balangun da nake gasawa da hannuna, sai dai in tsotsa. Ƙanwarka Rabi ta ce abin da ka tsince ka wanke ka gasa musu ran Sallah, laushinsa ko jariri zai ci.

To, bara na rufe ƙofar zaure na gwada. Ba ni da baƙin ruwan naka, sai na jiƙa daddawa. Na ɗora a kan wuta mai ƙarfi yadda na saba, sukarin ya ƙone ƙurmus tun naman bai ji wuta ba. Magen gidan ma ta sunsuna ta wuce.

Na gaji, Garba. Azumi ya kama, na roƙi abokan watanda su bar mini haƙarƙarin bana. Ban ce kai ke da gaskiya ba. Cewa na yi ka taho da kwalbar, ni zan hura maka gawayin.

Allah ya yi maka albarka, ya tsare hanya, ya sa ka tarar da ni da rai.

Mahaifinka,
Ɗanladi mai balangu.

Malam Shehu ya ce in ƙara da ban haƙuri. Na ce ya rubuta ka ɗan rage sukarin.